Ranar Da Na Yi Azahar A Kwance

Duk abin da zan manta a sauran kwanakin da Allah Ya ara mini, ban da ranar da na yi sallar azahar a kwance a tsakar gidana, kuncina a kan rairayi.

Wata Alhamis ce da kaka, bayan rasuwar Malam, maigidana. Gidanmu na Ɗanzomo, wanda a da hayaniya ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, ya koma daga ni sai kaji. 'Ya'ya mata suna ɗakunansu, ɗana na fari yana Kano. Na shanya wake a tabarma, sai akuyar maƙwabta ta shigo. Juyawa kawai na yi in kore ta. Ban yi tuntuɓe ba, ban taka komai ba, sai ganina na yi a ƙasa. Ni da na yi ƙuruciya ina ɗauko tulu daga rijiya ba riƙo, ina tafe ina hira!

Na yunƙura, ƙugu ya ƙi. Na yi kira har murya ta dushe. Maza sun tafi kasuwar Maigatari, mata suna gona. Akuyar ta ci ta ƙoshi a gabana, ta fice. Da ladan ya kira azahar, na hangi buta a bakin ɗaki, ga ta kusa amma kamar tana wani gari. Sai na buga tafina a ƙasar da nake kwance a kai, na yi taimama, na yi salla da ishara. Ciwo bai sa ni kuka ba. Da na sallame na ga babu mahaluƙi ne hawaye suka zo.

Sai wajen la'asar maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta shigo neman akuyarta ta same ni.

A asibitin Gumel aka ce ba karaya. Amma ɗana, da ya taho daga Kano, ya tsugunna a gabana ya ce, "Inna, zaman nan ya ƙare. Bayan bikin salla zan zo in tafi da ke Kano." Ɗan fari ne, ba na doguwar magana da shi. Zuciyata kuwa tana ɗakin Malam, inda littattafansa suke, da darbejiyar da ya dasa. Ɗan nawa ya sayo mini kujera mai laushi, ya ce kada in motsa. Na bi maganarsa, har ta kai ban iya zuwa bayi sai da bin bango.

Da na koma asibiti, wata ma'aikaciya ta dubi tafiyata ta ce, "Iya, zaman nan ne yake cinye miki ƙafa." Ta nuna mini yadda zan dafa bango in ɗaga ƙafa ɗaya, in tashi daga kujera ba dafawa, in yi tafiya diddige yana taɓa yatsa, har da yadda ake tashi daga ƙasa: a mirgina, a durƙusa, sannan a dafa abu. Nan na gane ashe ƙafa kamar hadda ce, in ba a tilawa zubewa take yi.

Kullum bayan azkar na safe sai in kama bango, ni kaɗai. Wata rana maƙwabciyar ta leƙo ta danga.

"Yau ga zalɓe a tsakar gida! Ko tatata za a yi miki?"

"Akuyarki ce ta jawo," na ce. "In da kunya, ki zagayo ki riƙe ni."

Daga baya na naɗa gammo na ɗora ƙwarya a ka, da fari ba komai a ciki, sannan da ruwa. Zanena ya sha jiƙewa, ba mai gani sai kaji.

Bayan salla ɗana ya zo da mota. Yana zaune a tabarma, na ɗebo ruwa a randa, na aza a ka, na taho a hankali, hannuwana a sake. Na sauke a gabansa, na miƙe ban dafa komai ba.

"Sha, ka sha hanya."

Ya daɗe yana kallon ruwan. "Inna, da kin faɗi fa?"

"Da na tashi. Shi ma na koya."

Ya koma Kano shi kaɗai, bisa sharaɗin kowace safiya maƙwabciyata ta kira ni ta danga in amsa. Har yau gidan shiru yake, kuma har yau ina kama bangona. Abin da na koya shi ne, tsayuwa da ƙafa amana ce Allah Ya ba mu. Tsufa zai karɓi rabonsa a lokacinsa, amma kada mutum ya zauna ya miƙa masa da hannunsa.