Da Sauƙi, In Ji Mama Dorcas

A wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa a Trikania akwai ma'aikaciyar da tsofaffi suke yi wa tsiya, wai ita da ƙafafu take gaisawa. Sunanta Damaris, amma Maman Hope aka fi sani. In ka shigo ka ce mata sannu za ta amsa da fara'a, sai dai idonta na ƙasa, a kan takalminka. Baƙi kan ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce.

'Yar Kakau ce, can bakin hanyar Abuja. Babanta ya rasu tana firamare, uwarta Mama Dorcas ta raine su ita da wanta Wilson da fartanya da tiren dafaffiyar masara da take tarar motoci da shi. Tun tana mitsitsiya Damaris take son fararen kayan asibiti. Kajin gidan sun sha ɗaurin karaya alhali lafiyarsu ƙalau, shi ya sa uwar ta laƙaba mata Nas, sunan kuma ya bi ta. Makarantar koyon jinya ta nema har ta gaji, ba ta samu ba. Sai aure ya zo, da Sylvanus mai walda a Kakuri, sai Hope, sai Elisha. Burin ya koma ƙasan akwati tare da zannuwan biki.

Bayan korona, lokacin da komai ya koma cikin waya har taron addu'a, wata ƙawarta a zumuntar matan coci ta nuna mata kwas na kula da marasa lafiya da tsofaffi da ake yi ta intanet. In ka ci jarrabawa, a tura ka asibiti koyon aiki da hannu. Wadda ta fi kowa murna ita ce Mama Dorcas. Ba ta san mene ne intanet ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta dai zagaye Kakau tana shaida wa mutane cewa Nas ɗinta ta shiga makarantar cikin waya.

Wannan karatu kuwa sai wanda ya gani. Netwok a gidan bai yarda da ko'ina ba sai bakin tagar kicin, don haka nan ne aji. Ta jingina wayar da gwangwanin madara, Elisha a bayanta, muciya a hannu, malama na bayani daga Legas. Wata rana ta manta ba ta kashe muryarta ba, ajin gaba ɗaya ya ji ta tana cewa, “Hope, sauko daga kan bokitin nan kafin in zane ki!” Sylvanus shi ne majinyacinta na gwaji. Ya dawo daga aiki a gajiye, ta kwantar da shi a tabarma, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, ta ba shi ruwa a cokali.

Ranar da aka koya musu kumburin ƙafa, ta kama ƙaurinsa ta danna da babban yatsa. Malama ta ce in wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ruwa ne ya taru, zuciya ko ƙoda ta gaji. In har da haki, mutum kuma ba ya iya barci sai a zaune, to asibiti kai tsaye, ba jira.

“Madam, wannan ƙafar walda ce,” in ji Sylvanus. “No be your practical, ba ta gwajinki ba ce. Ko guduma ba ta lotsa ta.”

Suka yi ta dariya, har Hope ta zo ita ma ta miƙa tata a danna.

A wannan daminar ne Mama Dorcas ta fara tari. Damaris takan kira ta a waya da hantsi, bayan ta kai Hope makaranta.

“Mama, yaya jikin?”

“Da sauƙi, Nas. Yaya karatun?”

Kowa ya san wannan amsa. Mai mura da ita yake amsawa, wanda ya faɗo daga kan babur ma haka. Damaris da kanta, tana tsakiyar naƙudar Elisha, gumi na zuba, aka tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Magana ce ta ladabi, ba labarin jiki ba, kuma babu ɗan ƙasar nan da bai san haka ba. Malamarsu ma ta gargaɗe su kada su tsaya ga abin da bakin majinyaci ya faɗa, su duba da idonsu. Damaris ta haddace wannan tsaf. Amma muryar uwa daban ce, musamman in ta faɗi abin da kake so ka ji. Ta ji hakin da ke tsakanin kalmomin, ta tambaya, Mama ta ce daga gona ta fito. Kakau ba nisa ba ce, mota ɗaya ce daga Trikania. Damaris ta ce a ranta, bari dai a gama jarrabawa.

Da jarrabawar ta matso, Mama Dorcas ce da kanta ta ce a kawo mata yaran, Nas ta samu sarari. Sylvanus ya kai su a babur. Da ya dawo ta tambaye shi yadda ya samu Mama.

“Tana nan garau. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, har ta zage ni wai na rame.”

Ba ƙarya ya yi ba. Fuska ya kalla, fuskar kuwa dariya take yi.

Jarrabawa ta yi kyau. Har tambaya aka yi a kan tsoho mai haki da kumburin ƙafa, Damaris ta amsa ba tare da ta ko tsaya tunani ba. Washegari ta sayi burodi da lemo ta hau motar Kakau, zuciyarta fes.

Ta tarar da uwar a kan kujera a ƙofar ɗaki, Elisha a cinyarta, zanen zumunta ya sauka har ƙasa. Ta durƙusa za ta gaishe ta, sai idonta ya faɗa kan silifas ɗin da ke gefe. An yanke igiyoyinsa da reza, an ƙara musu tsawo da tsumma. Ta ɗaga bakin zanen. Ƙafafun sun yi suntum, fatar na sheƙi. Ta sa babban yatsa ta danna. Ta ɗauke. Ramin ya tsaya yadda ta bar shi.

“Kun gani?” in ji Mama Dorcas, tana dariya tana haki. “Nas ta kama aiki.”

Judith, matar Wilson, tana tsaye da tsintsiya. Damaris ta juyo gare ta.

“Anti Judith, a ina take kwana?”

“A nan kan kujera. Ta ce gado yana toshe mata numfashi. Tun kafin a cire masara.”

“Kuma ba wanda ya gaya mini?”

“Ta hana, Maman Hope. Ta ce duk wanda ya ɗaga miki hankali kafin ki gama, ita da shi. Kuma ai kullum kuna waya.”

Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi mata ciwo, domin gaskiya ce.

A ranar suka kai ta asibiti cikin gari. Likita ya danna ƙafar kamar yadda ta danna, ya tambaya tun yaushe. Judith ce ta faɗa, domin Damaris ba ta sani ba. Bai yi faɗa ba, ya dai rufe ƙafar ya ce a ba ta gado, ita kuwa ta riga ta karanta, ta san an makara. Duk abin da ta koya a jikin Sylvanus ta yi shi a jikin uwarta: ta juya ta, ta goge ta, ta ba ta ruwa a cokali. Mama Dorcas ta gaya wa matar gadon kusa cewa wannan 'yarta ce, nas ce. Ba ta kai Lahadi ta biyu ba. Matan zumunta suka raka ta da waƙa da kiɗan tulu har makwancinta a Kakau.

Sakamakon jarrabawa ya shigo waya ana cikin zaman makoki. Ta ci, da maki mai kyau. Ta kife wayar a kan tabarma. Mutane suka yi ta ce mata lokaci ne, nufin Ubangiji ne, ta ce amin, amma ba ta daina jin hakin nan a kunnenta ba. Ta so ta watsar da komai. Sylvanus ne ya ce in ta bari, to tsohuwar ta yanke silifas ɗinta a banza ke nan. Ta yi fushi da shi sosai a kan wannan magana, sannan ta je koyon aikin. Silifas ɗin yana ƙarƙashin gadonta a cikin leda.

Bayan wasu 'yan watanni zazzaɓi ya kama Hope. Damaris ta dawo daga aiki da la'asar ta same ta a kwance, jiki kamar garwashi, leɓe ya bushe. Ta zauna bakin katifa ta dafa goshinta.

“Hope, yaya jikin?”

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta gyara murya irin ta manya.

“Da sauƙi, Momi.”

Damaris ta sunkuyo kusa da fuskarta.

“Wa ya koya miki wannan?”

“Kaka. Ta ce in kin tambaya haka ake cewa, don kada ki bar karatu.”

Damaris ta ɗauke ta ta rungume, zafin jikin na ratsa farar rigarta. Kukan da ba ta yi a Kakau ba ya zo mata gaba ɗaya.

“Na gama karatun,” ta ce. “Na gama, kin ji? Gaya mini inda yake miki ciwo.”