Inda Mahaifina Ya Tuƙa Jirgin Mayaƙa

Shekarun baya, ina zaune a gidana a Badariya ina tsintar shinkafa, sai ga ƙanin mijina ya shigo yana hura hanci. Wai ya yi baƙo daga Kaduna, ɗan mutumin da ya taɓa shirya wani fim ɗin yaƙi a ƙasarmu tun ina budurwa. Uban ya rasu, ɗan ya zo da kyamara yana bin wuraren da aka ɗauki fim ɗin. Saura wuri guda, inda mayaƙa suka ƙetare gulbi cikin jirgi. Kwana biyu suna sintiri a bakin ruwan Argungu ba su gane shi ba.

Na ce, "Ko shekara kunka yi ba ku ganin shi. Wajen garin Gulma ne."

Ya kwashe da dariya. "Matar Yaya, mi kika sani ga fim?"

"Mai tuƙa jirgin nan ubana ne. Kai lokacin ko wando ba a sa maka ba."

Abin ya daɗe yana cina. Mahaifina masunci ne, shi ya ɗauki 'yan wasan a jirginsa, amma da fim ya fito babu sunansa ko'ina. Har ya koma ga Allah, in ya ba da labarin a majalisa sai a ce tsoho ya fara ƙari.

Washegari na shiga motarsu ba tare da an gayyace ni ba. Muka bar mota a bakin hanya, na yi gaba cikin fadama suna bina. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya, na bar mata shi. Da muka kai tsakiyar wata gonar shinkafa kore shar, na tsaya na ce, "Nan ne."

Baƙon ya waiga hagu da dama. Cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ai a fim ɗin ruwa ne mai zurfi."

Ƙanin mijina ya ce, "Na faɗa maka, mu koma kawai."

Na ce, "Ku mutanen birni kun ɗauka gulbi titin kwalta ne, inda anka aje shi nan zai tabbata. Wata shekara ambaliya ta zo, ya yanki sabuwar hanya, ya bar wa manoma wagga. Buɗe fim ɗin a wayarka ka dubi bayan jirgin. Giginya uku za ka gani, da kuka ɗaya."

Baƙon ya buɗe. Giginya uku a waya. Na ɗaga kai, giginya biyu a gabana. Na ce a raina, yau bakina ya ja mini. Amma na ɗaure zane, na haura tudun ina share ciyawa da ƙafa ɗaya mai takalmi. Can sai na yi tuntuɓe da kututture. An sare ta ukun, an yi azara da ita.

Baƙon ya tsaya inda na tsaya, ya ɗaga wayar ya daidaita ta da kukar. Na ba shi labarin ranar: na kawo wa mahaifina fura, ina tsaye a tudun nan jirgin ya kife. 'Yan wasan sun sha riguna masu nauyi, ba wanda ya iya ruwa. Mahaifina ya dinga nutsewa yana fiddo su ɗaya ɗaya, har da mai ba su umarni.

Baƙon ya cire hula. "Babana ke nan. Ya sha ba mu labarin mai jirgin da ya cece shi, amma sunan ya ɓace masa. Faɗa mini in rubuta."

Na ce, "Miƙo biron."

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, rubutuna har yau kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma na ɗora littafinsa a gwiwata, a tsakiyar laka, na rubuta sunan ubana da na ubansa harafi harafi. Ƙanin mijina ne ma ya riƙe mini jaka.

Na koyi cewa in ka san abu da idonka, kada kunyar masu takalmi mai tsabta ta rufe maka baki. Bayan wasu watanni aka turo mini fim ɗin da baƙon ya haɗa. Na kai wa mahaifiyata, idonta ya riga ya yi rauni. Na tsayar da hoton daidai inda sunan ya fito, na karanta mata da ƙarfi. Ta matso da kunnenta ta ce, "Sake."