Gaurakin da Na Raba

Gaurakin gidanmu biyu ne, kuma na matata ne, ba nawa ba. Kawunta, wani masunci da ke zaune kusa da Goronyo, shi ya kawo mata su cikin ƙwarya suna 'yan tsaki, a daminar da ɗanmu na fari ya rasu tun bai kai yaye ba. Bai yi mata doguwar ta'aziyya ba. Ya ajiye ƙwaryar gabanta ya ce, "Ɗiyata, ga waɗanga. Hwara suka ci da ɓarzajjen gero. In kin zamna kuka, mutuwa za su yi."

Ta tashi ta kama masu fara. Tun daga ranar ta sami abin da ke fitar da ita daga ɗaki.

Suka girma a tsakar gidanmu a Wurno, dogayen ƙafafu, baƙin goshi, tukku kamar an kafa masu tsintsiyar zinariya a ka. Baƙo ba ya rarrabe su, amma mu mun san macen da wani ɗan yatsa da ya karkace a ƙafarta ta hagu. Da gashinsu ya cika, Kawu ya dawo da aska. Na ɗauka duka biyun zai rage wa fiffike, sai na ga ya kama macen kaɗai, ya datse gashin fiffikenta guda, ya saki.

Na ce, "Kawu, namijin fa? Ai tashi zai yi."

Ya ce, "Shi tashi mana, malamin boko. Ina za shi? Guda aka yanke ma gashi. Gudan shi ka ɗaure kainai."

Haka kuwa aka yi. Da safe namijin ya tashi zuwa fadama, kafin la'asar ya dawo ya sauka kan katanga, ya yi kuka, macen ta amsa daga ƙasa, kukan biyu ya haɗu ya zama ɗaya. Sai ya diro su buɗe fukafukai, su yi ta tsalle suna sunkuyar wa juna da kai. Matata ta bar daka ta tsaya tana tafa masu. A nan kaɗai nake jin dariyarta.

Ni a lokacin malamin yaƙi da jahilci ne, ina koya wa manoma baƙaƙen boko ƙarƙashin wata tsamiya. Karatuna bai wuce elementare ba, amma ina ganin kaina da yawa. Sai aka ce ana neman 'yan ƙananan littattafai don waɗanda suka fara iya karatu, wanda ya yi kyau a buga shi a Zariya. Na zauna na rubuta labarin gaurakin nan, abin da suke ci da yadda suke rawa da yadda namijin ke dawowa. Da baturen da ke duba azuzuwanmu ya zo rangadi, na miƙa masa takardun.

Ya karanta a tsaye. Ya ce da irin Hausarsa, "Malam, tsuntsu ya ci, tsuntsu ya sha, tsuntsu ya yi rawa. To, sai me? Ba abin da ya faru." Ya mayar mini da takarduna. Yana shiga mota ya ƙara da cewa shi ma yana sha'awar irin tsuntsun nan, in da zai samu ya sa a lambunsa.

Iyakar abin da mutumin ya faɗa ke nan. Bai ce in yi komai ba. Sauran duk daga cikin kaina ya fito, kuma ba cikin fushi ko gaggawa ba. Na daɗe ina juya shi, ina cin tuwon matata ina kallon tsuntsayenta. Maganar Kawu ce ta ba ni hanya: in namijin macen ce ta ɗaure shi, me zai yi in ya dawo bai tarar da ita ba? Na ga in na ɗauke ta, na sami abin da zai faru a littafina, na kuma sami abin gaishe da bature.

Ranar da matata ta tafi suna Kwargaba gidan 'yar'uwarta, na bari namijin ya tashi zuwa fadama. Na watsa wa macen gero. Ta zo har gabana, don ta san ni, na kama ta. Na taɓa ganin yadda masu kai tsuntsayen daji kasuwa ke yi don kada su yi ta fizge-fizge a hanya: ɗinke masu fatar ido suke yi. Na shiga ɗakin matata na ɗauko allurarta da baƙin zarenta. Na matse tsuntsuwar tsakanin gwiwoyina, na huda fatar idon ta ƙasa, na ja zaren ta bisa kai, na huda ta ɗaya idon, na ƙulle a bayan tukku. Ta yi wani ɗan gurnani, sa'an nan ta yi tsit. Na tuna har na ji daɗin yadda aikin ya yi kyau.

Na fige gashi kaɗan daga ƙirjinta na watsa a bayan gida wajen bola. Na naɗe ta cikin buhu, kanta a waje, na ɗaure a bayan keke na nufi Rabah, inda akwai barikin da baturen kan sauka. Ba ya nan. Na bar ta hannun sarkin bariki, wato mai tsaron gidan, na ce kyautar bature ce, a ajiye masa. Ban ce masa ya kwance zaren ba. Ban tuna ba ma. Hankalina yana ga in koma gida kafin namijin ya dawo, kada farkon abin ya wuce ni.

Na riga shi. Na shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, na ɗora takarda a cinya.

Ya sauka kan katanga ya yi kuka. Ya karkata kai yana jira. Ya sake yi. Ya diro, ya leƙa bayan rumbu, ya leƙa madafa, ya leƙa har cikin ɗakin matata inda bai taɓa shiga ba. Ya koma kan katanga ya miƙa wuya sama, ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Alƙalamina bai taɓa gudu kamar ranar ba.

Da matata ta dawo na kai ta bayan gida na nuna mata gashin. Na ce ina jin ƙofa aka bari buɗe, karnukan mahauta suka same ta. Ta durƙusa ta tsince gashin ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a gefen zanenta. Ta ce, "Ni na bar ƙohwar, Malam? Ni ce?"

Na ce, "Wa ya sani? Kin fita da sauri."

Na bar ta da wannan.

Namijin ya daina ci. Da safe ya tashi, ba fadama kaɗai ba, ya kewaye gari yana kuka, maƙwabta na ɗaga kai suna tambayar lafiya. Ya dawo ya tsaya daidai wurin da macen ke tsayuwa, kusa da randa. Matata ta jiƙa gero, ta kamo fara, ta buɗe bakinsa tana ɗura masa, yana girgiza kai yana zubarwa. Tana yi tana lallashinsa da irin muryar da na ji ta yi wa ɗanmu a ciwonsa na ƙarshe. Wannan ma na rubuta.

Wata rana ta juyo ta gan ni. Ta ce, "Mi kaka rubutawa?"

Na ce, "Labarinsa, don kada a manta da shi."

Ta ce, "Allah shi saka ma da alheri." Har ta kawo mini fura.

Rabah ba nisa ba ce. Da na hau keke da hantsi, da na dawo da ita kafin magariba. Kullum na san wannan, kuma kullum sai in ce bari in ga abin da zai yi gobe.

Sai ya fara daɗewa a waje. Wata rana garken gauraki na daji suka ratsa ta saman gari, ya tashi ya bi su, bai dawo ba sai washegari. Matata ta ce, "Da ma shi bi su shi tahi, Malam. Ko can ya samu wadda za shi ci abinci don ita." Ni kuwa littafina na tuna. Tsuntsun da ya bi 'yan'uwansa ya yi tafiyarsa ba ƙarshen littafi ba ne. Na ce mata yara masu danƙo za su harbe shi tunda ya yi rauni, gara a tsare shi a gida har ya warke. Ta yarda da ni. Ita ta riƙe mini shi, ni na sa aska na datse fiffiken.

Ya yi ta gudu daga wannan bango zuwa wancan yana buɗe fukafukai, ya ɗaga ya faɗo ta gefe guda. Bayan 'yan kwanaki ya daina gwadawa. Tukkunsa ya kwanta, ƙashin ƙirjinsa ya fito. Wata safiya muka tarar da shi kusa da randa, wuyansa a miƙe a ƙasa. Matata ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne shi tare da gashin nan da ta ƙulle a zane. Ni kuma na rubuta shafin ƙarshe, na karanta wa kaina, na ga ya yi.

Ba a yi mako ba Kawu ya yi sallama da azahar, da kwandon bandar kifi a ka da wani abu a hammata cikin tsumma. Ya sauke kwandon. Ya kwance tsumman, ya tsayar da ita a tsakar gida. Ta rame, ido ɗaya ya kumbura ya rufe yana ruwa, ɗayan a buɗe. Matata ta dubi ƙafar hagu ta saki muciyar da ke hannunta.

Kawu ya ce, "Kihi nik kai ma sarkin bariki a Rabah. Sai nig ga abu ɗaure ga turke kamar akuya, ido ɗinke. Nic ce wagga yatsa na san ta, ni nif fidda ta cikin ruwa. Yac ce wani malamin boko na Wurno yak kawo ta, baturen ko an yi mashi canji, ba ya dawowa." Ya juyo gare ni. "Malamman boko nawa a Wurno masu keke?"



Ya ciro wani abu daga aljihu ya sa a tafin matata. Baƙin zare ne, da busasshen jini a jikinsa. Ya ce, "Ɗiyata, ɗinki dai ya yi kyau. Ina namijin?"

 Ita macen ce ta fara tafiya, tana karkata kai don ta gani da ido ɗaya. Ta je gindin katanga inda yake sauka, ta ɗaga wuya ta yi kuka. Ta jira. Ta sake yi. Ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa madafa.

Matata ta shiga ɗakina. Na ɗauka takardun za ta ɗauko ta jefa a murhu, kuma da ta yi haka da na ji sauƙi. Ta fito da tabarmata ta shimfiɗa a gindin rumbu. Ta koma ta kawo alƙalami da tawada da farar takarda, ta jera su a kai yadda nake jerawa.

Ta ce, "Zamna, Malam. Ga wani labari ya samu. Rubuta."

Na ce, "Don Allah ki yi haƙuri."

Ta ce, "Kac ce don kada a mance. Rubuta. Ko sai na riƙe ma ita ka yanke wani abu?"

Kawu ya ɗauki kwandonsa ya fita, ko ruwa bai sha ba. Na zauna kan tabarmar. Tsuntsuwar tana kuka, matata tana tsaye a kaina, har aka kira la'asar.

Macen ba ta mutu ba. Matata ta yi ta wanke mata ido da ruwan ɗumi, ta ɗura mata abinci, ta hana kowa taɓa fiffikenta. Da gashin ya sake fitowa bayan kaka, ta sa mayafi ta rungume ta, ta tafi da ita fadama da ƙafarta, ta dawo ita kaɗai. Ban tambaye ta ko tsuntsuwar ta tashi ba.

Littafin ban aika da shi ko'ina ba. Matata ba ta bar gidana ba, mun haifi 'ya'ya, mun tsufa tare har Allah ya karɓi abarsa. Ta yi mini tuwo, ta yi jinyata, ba ta sake ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Amma ba ta ƙara ajiye ko kaza a gidan ba. Kuma duk lokacin da ɗaya daga cikin yaranmu ya kwanta ciwo, in na shigo duba shi, sai ta fara duban hannuna tukuna, ta ga ko ina riƙe da alƙalami.