Farin Wurin da Sani Yake Gani

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya shigo gidanmu na Dutsin-Ma da wani abu naɗe kamar 'yar tabarma. Baba direban wani ɗan ƙasar Sin ne mai aikin hanya, kuma mutumin ya ba shi ne da zai koma gida. Aka share gindin darbejiya, Baba ya ce kowa ya wanke hannu.

Zane ne dogo a kan takarda, da baƙar tawada kawai, sanda ɗaya a kowane gefe. Ba a buɗe shi gaba ɗaya. Ana warware shi kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, yadda muke karanta allo, ana naɗe inda aka wuce. Muka ga duwatsu masu tsayi, da karkatattun itatuwa, da wani mitsitsin masunci cikin kwalekwale, sai kuma fili fari fat. Na ce tawada ce ta ƙare wa mai zanen. Ƙanena Sani ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ruwa ne. Haka madatsar ruwan Zobe take da safe, ba ka gane inda ruwa ya tsaya sama ta fara." Baba ya dafa kansa.

Tun daga ranar Sani ke riƙe sandar hagu. Ni kuwa in ɗebo ruwa, in zuba wa awaki harawa, in tsaya bayansu ina leƙe. Na fi shi langa, na fi shi ƙwallo, a gona kunyata ta fi tasa miƙewa, amma ban taɓa jin an yabe ni kamar yadda Baba ke cewa, "Sani yana da ido." Kishi ya ci ni. Nakan zuba wa farin nan ido har in yi ƙwalla, ko zan ga abin da zan faɗa kafin shi.

Baba ya daɗe da rasuwa. Sani ya bi shi bara da damina, zanen ya dawo hannuna. 'Ya'yana ba su da haƙurin kallonsa, waya ta fi shi launi. Makon jiya na warware shi ni kaɗai, na danne gefen hagu da dutse. Na daɗe a kan farin wurin. Har yau takarda nake gani, kuma babu wanda zan tambaya.