Malama Kezia Pindar da Kofin da Ta Mayar

Ƙarfe biyu, idan aka tashi ɗalibai, Malama Kezia Pindar takan buɗe ajin da ke kusa da famfo, ta jera kujeru shida, uku suna fuskantar uku, ta cire agogonta ta ajiye a tebur. Shekara ashirin da bakwai tana horar da 'yan muhawara haka duk Talata da Alhamis, a wata makarantar 'yan mata da ke unguwar Lamisula. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Horonta ba ya yi wa sabon shiga daɗi. Ɗaliba takan yi mako biyu ba ta ce uffan ba, sai sauraron abokiyar karawa da rubuta hujjojinta. In ta zaɓi ɓangare, Malama ta mayar da ita ɗayan. Wadda Turanci ya sarƙe wa kuwa, sai ta ce ta fara faɗin hujjar da Kanuri ko Shuwa, a ji ko akwai hujjar tukuna.

Ni alƙalin gasa ne, ba ɗalibinta ba. Shekara shida da suka wuce ina cikin alƙalai uku a zagayen ƙarshe, ana muhawara kan hana ɗalibai riƙe waya. Ɗalibarta Gumsu ta ga ana shirin kayar da su, sai ta ce bincike ya nuna kashi saba'in cikin ɗari na masu waya suna faɗuwa jarrabawa. Ba wanda ya ja da ita, har mu. Da maki biyu suka ci.

Muna tattara takardu Malama Kezia ta iso da kofin a hannu, Gumsu na biye da ita, kai a sunkuye. Ta ce ta tambayi yarinyar inda ta samo adadin, ta amsa cewa nan take ta ƙirƙiro shi. Shugabanmu, Malam Babakura, ya ce sakamako ya riga ya fita, a bar kaza cikin gashinta.

"Malam, ku ba waɗanda muka kara da su, su ne masu shi," in ji ta. "Ni zan yi wa shugabar makaranta bayani."

Ta sha faɗa, don shekara tara suna neman kofin. Amma ba ta kori Gumsu ba. Ita ta ɗora wa tantance duk adadin da za a faɗa a gasa. Da shekara ta zagayo suka zo na biyu, ba wanda ya iya ture hujjarsu ko ɗaya, lokaci ne ya ƙure musu.

Malama, ke ce uwar masu magana. Ke ce kika gyara mu alƙalai ba tare da kin ce mun yi kuskure ba. Tun ranar ban sake ba da maki a kan adadin da ba a faɗi tushensa ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku kuma masu horar da yara, ku riƙa tambayarsu inda suka samo maganarsu, ko da an riga an tafa musu.