Ku Bar Mini Zanzanata

Jama'a, na daɗe ina yi muku shiru a kan fuskar nan tawa. Jiya jikata ta ɗauke ni hoto, ta goge zanzanar da waya, wai na fi kyau haka. Na ce maza ta mayar mini da abina.

A garin Lolo na tashi, a gidan Kiristoci 'yan Methodist. Babana tela ne da ya ƙetaro daga Dahomey. Ba mu da yawa, a zaurenmu ake sujada ranar Lahadi.

Shekarar samun 'yancin kai, ana ta kiɗa a gari, ni ina kwance da zazzaɓi da ciwon baya. Sai ƙuraje suka feso har tafin hannu.

Malamin asibiti ya duba ni, ya ja da baya. "Agana ce. A fitar da ita bayan gari."

Aka yi mini bukka. Kullum da safe malamin yakan wanke ƙurajen, ya ɗaga fatar idona ya duba ko ina gani. Magani babu, sai jira. Na ji tsoro ƙwarai, don yarinyar bukkar kusa da tawa a tabarma aka fita da ita.

Baba yakan tsaya daga nesa yana rera waƙoƙin sujada da ƙarfi, don in san ba a yar da ni ba. Inna Hajo, maƙwabciyarmu Musulma wadda ta taɓa yin cutar, ita kaɗai ke shigo mini da kunu.

"Sha, ɗiyata. Ni ma hakanga niy yi, ga ni nan."

Na tashi, da idanuna biyu.

Ranar godiyar girbi, al'adarmu kowa ya ɗauko amfanin gona ya taka har gaba yana waƙa. Wata dattijuwar ikilisiya ta miƙo mini mayafi. "Ruhe huskarki ki zamna baya, kak ki tsorata yara."

Raina ya ɓaci. Mutuwa ma ta sake ni, sai ita? Na ajiye mayafin, na ɗauki damin shinkafar da Inna Hajo ta ba mu, na taka gaba fuska a buɗe. Na fara waƙar, Baba ya kama mini.

Na gode wa Allah, na gode wa bayinsan nan biyu, Baba da Inna Hajo, ko da yake sun riga mu gidan gaskiya.

Ku kai yara rigakafi, mu lamba ba ta iso mana da wuri ba. Mai jinya kuma, ko daga nesa ne, ku bari ya ji muryarku.

Ga hoton nan yadda nake. Wanda ya tsorata ya wuce.