Ruwan Bagaruwa da Sarewar Buba

A Kazage na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda duk gidan ke kira Iya. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Ba ta fara tatsuniya sai ta duba bakin kowa. Wata rana ta kama haɓata ta ce, "Kai, dasashin nan naka ya yi ja. Matso, ta yau taka ce."

Labarin Buba ta ba mu, makiyayin da shanunsa ba sa amsa kiran kowa sai sarewarsa. Dasashinsa ya kumbura yana jini, busa ta gagare shi. Shanu suka watse cikin daji, ga kuraye na yawo. Ƙanwarsa ta tsinko bagaruwa ta tafasa, ta jefa gishiri, ta bari ruwan ya huce.

"Kurkure ka tofar, Yaya, kar ka haɗiye," in ji Iya da siririyar murya.

Safe da yamma yana yi, yana yamutsa fuska don bauri, har kumburin ya sace. Ya hau dutse ya busa. Nan Iya ta dunƙule hannu ta kwaikwayi sarewar, mu kuma muka zama shanu, muka faɗa jikinta da ihu.

Na girma, Iya ta rasu. A shekarun da 'yan bindiga suka hana bin hanyar Kaduna, ciwon dasashi ya kama Babana. Ko tuwo ya daina taunawa, ya rame, ga likitan haƙori can nesa. Na nemo bagaruwa na tafasa masa da gishiri. Da ya kurkura sai ya ce, "Wannan ai aikin Iya ne," har da ƙwalla.

Jinin ya ragu, ya soma cin abinci. Da hanya ta samu na kai shi asibiti. Likitar ta kankare dattin da ya daskare a haƙoransa, ta ce kurkura ba ta cire wannan, amma ta taimaka.

Sai a lokacin na gane manufar Iya. Ta san asibiti ya yi mana nisa, shi ya sa ta cusa magani cikin labarin da ba za mu manta ba.

A hanyar komawa Baba ya sa direba ya tsaya, ya sayi gasasshiyar masara. Ko ƙwaya ɗaya bai rage mini ba.